Rijiyar da Ba a Yasa: Kira ga Malamai Kan Karatun Tarihi da Kimiyya

A watan Nuwamba na shekarar 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da darasin tarihi cikin manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare, bayan ya shafe fiye da shekara goma a waje. An yi murna, murnar kuwa tana da dalili. Sai dai akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba, wato wa zai koyar da darasin? Da yawa daga cikin matasan malaman da ke tsaye gaban allo a yau, a Gama da Gwagwarwa da Dakata da Kawaji da Hotoro, sun yi nasu karatun ne a daidai shekarun da aka kore shi daga aji. An hana su abin, ga shi yanzu ana so su bayar da shi.

Halin da kimiyya ke ciki bai fi wannan daɗi ba. Ita ba a taɓa cire ta daga manhaja ba, amma a makarantu da dama ta koma jerin ma'anoni da malami ke kwafa a allo, yara su kwafa a littafi, su haddace, su zubar a takardar jarrabawa, su manta. Rashin ɗakin gwaje-gwaje yana da nasa kason a wannan, haka cunkoson aji. Waɗannan koke-koke ne na gaskiya, kuma ƙungiya ba za ta gaji da kai su inda ya dace ba. Amma akwai kaso ɗaya da yake hannunmu, ba ya jiran kasafin kuɗi: abin da malami yake karantawa bayan an tashi daga makaranta.

Ra'ayin wannan takarda shi ne, malamin da karatunsa ya tsaya a kan littafin aji kaɗai tamkar rijiya ce da ake ɗiba kullum ba a yasa. Tana iya shayar da unguwa shekara da shekaru, amma ruwan yana ja baya, yana gurɓata, har ranar da guga zai fito da taɓo. Don haka muka ga ya dace mu ambaci wasu littattafai na tarihi da kimiyya waɗanda karanta su zai amfani malami da iyalinsa. Ba mu zaɓe su saboda shahara ba. Ma'auninmu guda ne: shin littafin zai taimaki malami ya amsa tambayar yaron da ya taso tsakanin masana'antun Bompai da Sharada da Challawa game da abin da idonsa ke gani kullum?

Mu fara daga gida, da harshenmu. Littafin Alhaji Abubakar Dokaji, Kano ta Dabo Cigari, wanda ya fito a 1958, har yanzu shi ne ƙofa mafi sauƙin shiga ga mai son sanin jerin sarakunan Kano da abin da ya faru a zamaninsu. Kafin shi akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu da Hukumar Fassara ta fitar a Zariya a farkon shekarun 1930, inda aka mayar da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci zuwa Hausa, ciki har da Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda. A nan malami zai sami labarin Barbushe da Dutsen Dala, da zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da ayyukan Muhammadu Rumfa. Zai kuma sami darasi na biyu idan ya bincika: shekarun da muke haddacewa, irin su 999 ga Bagauda ko 1463 zuwa 1499 ga Rumfa, ba a rubuce suke haka a asalin littafin ba. Tsawon mulkin kowane sarki aka ambata, sai Baturen mulki H. R. Palmer, wanda ya buga fassarar Ingilishi a 1908, ya yi lissafi da baya ya fitar da su. Yaron da aka nuna wa wannan ya koyi abin da ya fi shekarar kanta daraja, wato ya riƙa tambayar inda labari ya samo asali.

Wannan ɗabi'a ta tambaya ita ce babban gadon da masana tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suka bari. Abdullahi Smith ya yi nazari a kan yadda ƙasashen Hausa suka kafu, ya nuna cewa labarin Bayajida da Hausa Bakwai bai isa ya bayyana tasowar birane da sarautu ba, sai an duba ƙasar noma da ƙarfe da hanyoyin fatauci. Almajirinsa, Yusufu Bala Usman, ya bi wannan hanya a littafinsa kan sauye-sauyen Katsina, The Transformation of Katsina, na 1981. Ba lallai ne malami ya yarda da duk abin da suka faɗa ba. Abin da ake so shi ne ya ga yadda ake auna ruwaya da ruwaya cikin ladabi, ba tare da an zagi magabata ba, ba kuma tare da an haɗiye kome ba taunawa.

A kan jihadi da daular da ta biyo bayansa, gara a ji daga bakin waɗanda suka halarta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ana kuma samun fassararsa da Hausa. Daga nan sai littafin Murray Last, The Sokoto Caliphate, na 1967, wanda ya dogara ƙwarai da takardun gidan Wazirin Sakkwato. Malamai mata musamman, da iyaye mata da ke karanta wannan takarda, za su sami abin riƙewa a littafin Jean Boyd kan Nana Asma'u, The Caliph's Sister, na 1989, domin ya bayyana tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Duk mai cewa ilimin mata baƙon abu ne a ƙasar nan, amsarsa tana cikin wannan littafi. Haka nan labarin Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta aka buga a 1954, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausarta. Shi tarihi ne na tsakar gida: aure da goyo da ƙawance, da fargabar masu kamen bayi, da yadda talaka ya ga zuwan Turawa. Game da ƙarshen mulkin gargajiya a Kano kuwa, littafin Adamu Mohammed Fika na 1978, The Kano Civil War and British Over-rule, ya bi diddigin Yaƙin Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893, har zuwa shigowar Turawa birni a watan Fabrairu na 1903 da abin da ya biyo baya.

To, amma ɗalibinmu na Tudun Murtala ko Ƙaura Goje yana da tambayar da ta fi waɗannan kusa da shi. Yana wucewa ta gaban dogayen katangu a Bompai, wasu da hayaƙi, wasu ciyawa ta cinye ƙofarsu. Kakansa ya yi aiki a ɗaya daga ciki, mahaifinsa kuwa yana tuƙa adaidaita-sahu. Me ya faru? Wannan ma tarihi ne, an kuma rubuta shi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya kuma bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ke nan masana'anta ba da Turawa ta zo Kano ba. Jan Hogendorn, a littafinsa Nigerian Groundnut Exports na 1978, ya nuna cewa da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 Turawa auduga suke kwaɗayi don masaƙun Ingila, amma manoman Kano da fataken goro suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa, saboda ta fi riba kuma ana iya cinta idan shekara ta yi tsanani. Daga wannan zaɓi na manoma aka sami dalar gyaɗa, aka sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata, aka sami wani ɓangare na jarin da ya shiga masana'antu daga baya.

Littattafai biyu sun shiga cikin masana'antun kansu. Paul Lubeck ya zauna da leburorin Kano a shekarun 1970, ya rubuta Islam and Urban Labor in Northern Nigeria, wanda ya fito a 1986. Ya nuna cewa da yawansu almajirai ne da 'yan ci-rani da suka baro ƙauye, ya kuma bayyana yadda suka riƙa fafutukar samun lokacin salla da ƙarin albashi. Gunilla Andrae da Björn Beckman kuma, a Union Power in the Nigerian Textile Industry na 1998, sun kwatanta masaƙun Kaduna da na Kano a lokacin matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin gyaran fuska na 1986, suka nuna yadda ƙungiyar ma'aikata ta yi ƙarfi a Kaduna ta kuma sha wahalar kafuwa a Kano. Ɗan ƙungiya da ya karanta wannan zai gane cewa haƙƙin da yake ci yau wasu ne suka sha rana a kansa. Idan aka haɗa da littafin Michael Watts, Silent Violence, na 1983, wanda ya bibiyi yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da farin farkon shekarun 1970, ya nuna cewa haraji da kasuwa suna da hannu a yunwa kamar yadda ƙarancin ruwan sama yake da shi, to malami ya sami abin da zai bayyana wa yaro dalilin da ya sa ƙauye ke kwararowa birni.

A fagen kimiyya ma daga gida za mu fara. Abubakar Imam da R. M. East sun rubuta Ikon Allah, wanda ya fara fitowa a 1949, suka yi bayanin halittu iri-iri da Hausa mai daɗi wadda yaro zai gane. Wasu bayanan ciki zamani ya wuce su, amma salon bai tsufa ba, kuma hujja ce a hannunmu cewa Hausa tana iya ɗaukar kimiyya. Tun kafin su, malamin nan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake tsara lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, aikin da masana tarihin lissafi suke ambato har yau. Muhammadu Bello da muka ambata ya rubuta risaloli a kan magani, ciki har da ciwon ido da basir. Malamin lissafi da ya buɗe darasi da sunan Bakatsine ya cire wa yara tunanin cewa wannan fanni kayan wasu ne.

Daga nan sai a faɗaɗa. Jim Al-Khalili, a littafinsa Pathfinders na 2010, ya ba da labarin masana na zamanin Abbasiyawa da bayansu: Alkawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara, da Ibnul Haisam, wanda ya tabbatar ta hanyar gwaji cewa haske daga abu yake shigowa ido, ba daga ido yake fita ba. Carl Sagan kuma, a Cosmos na 1980, ya kawo labarin Eratosthenes, wanda ya auna kewayen duniya a Masar fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, ta hanyar kwatanta inuwar tsakar rana a garuruwa biyu. Wannan gwaji ba ya buƙatar komai sai sanda da ma'auni. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta, rana tana tsayawa daidai bisa kanmu, inuwar sanda miƙaƙƙiya ta kusan ɓacewa. Ajin da ya kafa sanda a filin makaranta ya riƙa auna inuwarta kowane mako zai gano wannan da kansa. Gani ya kori ji.

Akwai kuma littattafai biyu da muke ganin kamar don mazauna gefen masana'antu aka rubuta su. Na farko shi ne The Ghost Map na Steven Johnson, na 2006, labarin annobar kwalara da ta kashe mutane fiye da ɗari shida a wata unguwar Landan a 1854. Likita John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya ga sun taru kewaye da famfo guda, ya sa aka cire hannun famfon, daga baya kuma ya zana su a taswira, a lokacin da manyan likitoci ke cewa wari ne ke kawo cutar. Duk damina unguwanninmu suna fama da amai da gudawa, kuma darasin bai canja ba. Na biyu shi ne Silent Spring na Rachel Carson, na 1962, wanda ya bayyana yadda maganin ƙwari ke bin ruwa da ƙasa ya taru a jikin kifi da tsuntsu da mutum. Bayan shekara goma da fitowarsa Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki. Wanda ya karanta shi ba zai sake kallon rafin Getsi, wanda ke ɗauko ruwan Bompai ya haɗe da Jakara, ko ruwan da ke gangarawa daga Sharada da Challawa zuwa kogi, da ido ɗaya ba. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, masana'antun fata na zamani kuwa da sinadarin kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya zauna a laka da ƙasar lambu. Ruwa ba ya tsami banza. Mun kuma ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu kafin a gane ƙurar dutsen zinariya ce sanadi. Malamin da ya fahimci waɗannan abubuwa yana iya ceton rai da alli.

Mun san abin da ɗan'uwa zai ce, kuma yana da gaskiya. Albashin da bai kai ƙarshen wata ba, da wane ɓangarensa za a sayi littafi? Wanda ya koyar da yara ɗari da safe, ya tafi wata sana'ar da yamma don ya rufa wa iyali asiri, yaushe zai zauna karatu? Ga shi mafi yawan littattafan nan da Ingilishi suke, wasu ma sun ɓace daga kasuwa. Ba za mu ce waɗannan uzurori ne na raggo ba. Abin da za mu ce shi ne, irin wannan nauyi ne ya sa aka kafa ƙungiya tun farko, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Littafin da malami ɗaya ba zai iya saya ba, malamai talatin za su iya, kuma littafi ba ya ƙarewa don an karanta shi.

Bisa ga haka muke ba da shawara uku ga reshe. Ta farko, a ware akwati ɗaya a ofishin reshe don littattafan aro, a fara da na Hausa waɗanda ake iya samu, kowace makaranta ta kawo gudummawar littafi guda, a naɗa mutum ɗaya mai amana ya riƙe rajista. Ta biyu, a kowane taron wata a keɓe rabin sa'a, wani malami ko wata malama ta taƙaita babi ɗaya da ta karanta, da Hausa, ta faɗi yadda za a yi amfani da shi a aji. Ta haka wanda Ingilishinsa ya yi ƙarfi zai ɗauki wanda nasa bai kai ba, kamar yadda jajis suka yi. Ta uku, mu yi amfani da abin da ke ƙofar gidanmu. Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad yana kan titin Ahmadu Bello. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa, a nan Nassarawa, a 1909, yana nan a buɗe. Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata ba su da nisa, kuma a marinar yaro zai ga zane ya fito daga rami da kore-kore, iska ta taɓa shi ya koma shuɗi, darasin sinadarai ke nan a fili.

Muna kuma da kira ga wasu. Tunda Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, muna roƙon Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jiha da ta sa littattafan karatun malami cikin lissafi, kada a tsaya ga gini da kujeru. Muna roƙon masu ɗab'i, musamman kamfanin NNPC na Zariya, su sake buga tsofaffin littattafan Hausa da suka yi wuyar samu a farashin da malami zai iya. Muna roƙon masana harshe da tarihi na Jami'ar Bayero su fassara mana ko da taƙaitattun waɗannan ayyuka da aka rubuta a kan Kano, domin abin kunya ne a ce an rubuta tarihin leburan Bompai da harshen da jikokinsa ba sa iya karantawa cikin sauƙi. Masu masana'antu kuma, waɗanda 'ya'yan ma'aikatansu muke koyarwa, kanta ɗaya ta littattafai a kowace makarantar da ke maƙwabtaka da su ba za ta girgiza ribarsu ba.

Ga iyalai kuwa, roƙonmu ƙarami ne. Idan littafi ya shigo gida, kada a ajiye shi a saman durowa. A karanta shafi biyu da ƙarfi bayan cin abincin dare, a bar yara su yi tambaya, a bar kaka ta ce ba haka ta ji ba. Wayar hannu tana kawo wa 'ya'yanmu labarai iri-iri dare da rana, na gaskiya da na ƙarya a kwano ɗaya, kuma babu mai iya tsare musu ƙofa. Abin da za mu iya ba su shi ne ma'aunin da za su riƙa tantancewa da shi.

Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Shi da abokinsa Sa'adu Zungur ba dukiya ce ta sa aka saurare su ba, zurfin karatu ne. Idan muna so a riƙa jin maganar malami a gaban hukuma da gaban al'umma, wannan ita ce hanyar da suka bi. Muna fatan a taron reshe mai zuwa kowace makaranta za ta zo da littafinta a hannu. Allah Ya ba mu ikon aikatawa.